Hangen Dala Daga Kan Teku

Shekara guda ke nan da dawowarmu, amma har yau duk mai son tayar da gardama a gidan yayata, ya ambaci jirgin ruwa kawai ya koma gefe. Mu shida muka yi tafiyar: Yaya da maigidanta Alhaji, 'ya'yansu biyu, Umma mahaifiyarmu, sai ni ɗan rakiya mai riƙon fasfo da cike takardu. Kwana bakwai muka yi a Bahar Rum. Daga Barsalona muka tashi, muka ya da zango a Marseille, Genoa, Civitavecchia, Palermo da tsibirin Malta, muka yini guda cur a tsakiyar ruwa ba tudu ba bishiya, sannan muka komo inda muka fito. Yaya ta rantse tun da aka kai ta ɗakin miji ba ta taɓa hutawa kamar wannan makon ba. Alhaji kuwa cewa yake an sa shi a keji mai sanyi, an zaga da shi, an kuma karɓi kuɗin kejin a hannunsa. Jirgi ɗaya suka shiga, ɗaki ɗaya suka kwana.

Shiga jirgin ruwa ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, duk da nisanmu da teku. Kakanninmu alhazan ƙasa, bayan sun ratsa Cadi da Sudan, a Sawakin suke hawa jirgi su tsallaka Bahar Maliya zuwa Jidda. Ɗalibai da ma'aikatan da suka tafi Ingila kafin samun 'yancin kai da bayansa, da yawansu jirgin Aureol na kamfanin Elder Dempster ne ya kwashe su daga Apapa, tafiyar kusan mako biyu, har aka ajiye shi a 1974. To amma waɗannan duk akwai inda suka nufa. Sabon abu shi ne mutum ya biya kuɗi jirgi ya zaga da shi ya maido shi inda ya ɗauke shi. Ranar da na kai wa Umma labari ta ce, "To daga ina za mu tashi?" Na ce Barsalona. Ta ce, "Zuwa ina?" Na ce Barsalona. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Allah ya kyauta."

Harkar kuwa ba ƙarama ba ce. Ƙungiyar kamfanonin jiragen ta ce a 2023 mutum miliyan 31.7 suka yi irin wannan hutu. Jirgin Icon of the Seas na kamfanin Royal Caribbean, wanda ya fara aiki daga Miami a Janairun 2024, tsawonsa mita 365 ne, yana iya ɗaukar fasinja har 7,600, ban da ma'aikata fiye da dubu biyu. Ƙaramin gari ne ke nan a kan ruwa. Ko MSC da muke ganin sunansa a jikin kwantena a kan tireloli tsakanin Legas da Kano, yana cikin manyan masu jiragen shaƙatawa na duniya.

Hujjar Yaya ta farko akwati ce, kuma duk matar da ta taɓa tafiya da yara ta san abin da take nufi. A tafiyar ƙasa, in za a ga birni biyar, sau biyar za a ɗaure kaya a kwance, sau biyar za a nemi tasi da zai ɗauki mutum shida da lodinsu, sau biyar za a tsaya a gaban teburin otal ana jiran ɗaki. A jirgi sau ɗaya ta zazzage akwati ta jera kaya a kwaba, ba ta sake taɓa shi ba sai daren ƙarshe. Ana cin abincin dare jirgi ya ɗaga, ana barci yana tafiya, da asuba ka ɗaga labule ka ga wata ƙasa.

Ta biyun ta fi nauyi, kuma na lura mu maza ba ma saurin gane ta. Ta ce masa, "Alhaji, duk hutun da muka taɓa zuwa, kai ke hutawa, ni kicin kawai nake canzawa." Ko a Dubai, in an kama gida mai kicin don a rage tsada, ita ce a bakin murhu. Ko otal ne, ita ke tunanin me yara za su ci, ina za a samu, wa zai tsaya da ƙaramin. A jirgi ba wanda ya tambaye ta me za a ci. Ɗakin cin abinci na sama a buɗe yake kusan duk yini, yaro ya ɗauki faranti ya ɗebi abin da yake so. Akwai wurin wasan yara da masu kula da su, an raba su gwargwadon shekaru, ba a kuma ba da yaro sai ga wanda ya sa hannu. Har ta samu ta zauna a baranda da kofin shayi awa biyu ba wanda ya kira sunanta. Ta ce da farko abin har tsoro ya ba ta.

Sai Umma, wadda gwiwa ta matsa mata. Tafiyar ƙasa a Turai tafiyar ƙafa ce, ga matakala, ga titunan duwatsu. A jirgi akwai lif a kowane sashe, kuma ranar da ba ta jin fita sai ta yi zamanta, mu mu fita mu dawo mu same ta. Ba wanda aka bari a baya, ba kuma wanda aka ja dole. Wannan a ganina ita ce hujjar da ta fi ƙarfi a ɓangaren masu goyon baya: da wuya a sami wata irin tafiya da za ta ɗauki kaka da jika, kowa ya yi abin da jikinsa ke so, a haɗu da daddare.

Alhaji ba ya musun ko ɗaya daga cikin waɗannan. Shi maganarsa ɗaya ce, hangen Dala ba shiga birni ba ne, kuma shaidarsa ranar birnin Rum. A takardar talla an rubuta Rum da manyan baƙaƙe, Civitavecchia kuma a ƙasa da ƙanana. Ashe tsakanin tashar da birnin kusan kilomita 80 ne. Ka sauka daga jirgi ka hau bas zuwa bakin tasha, daga nan ka nemi tashar jirgin ƙasa, ka yi sama da awa guda a hanya, da yamma kuma ka maimaita. Da muka cire zuwa da dawowa da ɗan ratar da hankali ya ce a bari, abin da ya rage mana bai fi awa biyar ba, a birnin da ya haura shekara dubu biyu da ɗari bakwai. Mun ga Colosseum daga waje, domin layin shiga kaɗai zai cinye rabin lokacinmu. Alhaji ya ci burin yin azahar a babban masallacin Rum, wanda aka buɗe a 1995, ɗaya daga cikin mafi girma a Turai, amma yana can arewacin gari, lissafi ya ƙi. Muka yini ido na kan agogo. A hanyar dawowa jirgin ƙasa ya tsaya a wani ƙauye kusan minti ashirin ba bayani, na ga gumi na tsattsafo wa Alhaji cikin sanyi, domin doka a fili take: in ka fita da kanka ka makara, jirgi ba ya jiranka, kai za ka nemi hanyar riskarsa a tasha ta gaba da kuɗinka. Waɗanda suka sayi yawon da kamfanin ya shirya ne kawai ake jira, shi kuma farashinsa ya ninka na fita da kai. Mun iso saura minti goma sha biyar a ɗage gada. Ya ce, "Hajiya, wannan shi ne hutun? Ko ranar da kwastan suka riƙe mini kaya ban yi irin wannan zullumi ba."

Gaskiyarsa ce, jirgi ɗanɗano yake ba ka, ba ƙoshi ba. Ba ka ganin gari da daddare lokacin da masu shi ke fitowa, domin kafin magariba an kwashe ku. Kana sauka tare da dubban mutane a lokaci guda, duk ku nufi wuri guda, masu shaguna kuma sun san ba za su sake ganinka ba. Shi ɗan kasuwa ne, yana son ya zauna a gari ya koma shago ɗaya sau uku har mai shagon ya san fuskarsa a yi ciniki na mutunci.

Sai dai ɗanɗanon ma wani abu ne, kuma a nan na ɗan karkata wajen Yaya. Wa a cikinmu zai tashi daga Kano takanas ya ce Malta za shi? Amma da jirgi ya kai mu, muna tafe a Valletta sai na ga an rubuta Il-Ħamis a jikin allon wani shago, na tambaya aka ce Alhamis ke nan. Hamsin ma ħamsin suke cewa, Allah kuma Alla, alhali Kiristoci ne, domin harshensu daga Larabci ya samo asali. Umma da ta ji haka har da tafa hannu. A Palermo kuma muka ga majami'u masu ƙubba ja kamar masallatai, gadon zamanin da Musulmi suka riƙe garin daga 831 har Normawa suka karɓe shi a 1072. Ba mu ƙoshi ba, amma yanzu mun san inda za mu koma in Allah ya hore.

Inda Alhaji ya fi samun nasara shi ne kuɗi. Farashin da ake gani a talla na mutum ɗaya ne, bisa sharaɗin mutum biyu a ɗaki, kuma na ɗakin ciki ne marar taga. Ni da na kwana ni kaɗai sai da na biya kusan kuɗin mutum biyu. Sannan ga tukuicin ma'aikata, wanda sunansa kawai tukuici, kullum ake ɗora shi a kan lissafinka ba tare da an tambaye ka ba. A manyan kamfanonin Amurka yana kaiwa dala 16 zuwa 20 ga kowane mutum a kowace rana. In aka ce dala 18 ne, mutum huɗu a kwana bakwai dala 504 ke nan, kafin a sha ko lemo. Lemon ma sai an saya, haka ruwan gora, intanet, hoton da suka ɗauke ka ba ka roƙa ba, da gidajen abinci na musamman. Ba a taɓa tsabar kuɗi a ciki. Katin ɗakinka shi ne makulli, shi ne shaidarka, shi ne aljihunka, kuma kashe kuɗin da ba ka gani a hannu ba ya ciwo sai daga baya. Ɗan Yaya na fari ya gano katinsa na aiki a ɗakin wasannin kwamfuta, mu kuma ba mu gano ba sai a kwana na huɗu. Da tun ranar farko mun je teburin baƙi an toshe katin yara, da ba a yi wannan ɗan ƙaramin yaƙi ba. Waya kuma a kashe mata layi da zarar an bar tasha, don a tsakiyar teku ta tauraron ɗan'adam take kamawa, kuɗinsa kuma ba kyan gani.

Ba kuskure ba ne aka tsara abin haka. Kusan sulusin kuɗin shigar manyan kamfanonin daga abin da fasinja ke kashewa bayan ya shiga jirgi yake fitowa, ciki har da giya da caca. An rage kuɗin shiga ne don a kama ka a ciki. Yaya ta mayar da wannan hujja tata: tun da ba ma sha ba ma caca, mu ne muka ci ribar tsarin. Alhaji ya ce shi kuwa abin da ke damunsa ke nan, a ce sauƙin da ya samu daga aljihun mashaya ya fito, kuma a jirginmu ko gidan kallo za ka, hanya mafi kusa ta tsakiyar ɗakin caca ta bi. Na bar su a nan, kowa da malaminsa.

Akwai kuma abin da su biyun ba sa kawowa a gardamarsu don ba su suka sha wahalarsa ba, ni na sha. Duk shawarwarin da ake bazawa kan wannan hutu, don Bature da Ba'amurke aka rubuta su, mutanen da ke iya ganin rangwame ranar Litinin su shiga jirgi ranar Asabar. Mai fasfon Najeriya ko Nijar ko Gana daga biza lissafinsa ke farawa, zaɓen jirgi ya biyo baya. Mun zaɓi wannan zagaye ne saboda Sifen, Faransa, Italiya da Malta duk suna cikin yankin Schengen, biza ɗaya ta wadatar. Da jirgin zai leƙa Tunisiya ko Turkiyya ya dawo, sai an nemi biza mai shiga da fita sau da yawa, ga kuma sharuɗɗan waɗancan ƙasashen. Kada mutum ya ce ai ba zan sauka a can ba, zan zauna a ɗakina. Sau da yawa tun a tashar farko za a hana shi hawa, kuma ba a mayar da ko sisi. Zagayen Karibiyan da ake ta yaɗa hotunansa, mafi yawansa daga Florida yake tashi, wato sai da bizar Amurka. Kuɗin neman bizar Schengen euro 90 ne ga babba tun watan Yunin 2024, a ba ka ko a hana ka ya tafi, kuma dole ka nuna inshorar lafiya ta aƙalla euro 30,000.

Ga tarkon da ke ciki. Ofishin jakadanci na son ganin shaidar ka kama ɗaki a jirgi, kamfani kuma na son cikon kuɗinsa wata biyu zuwa uku kafin tafiya, daga nan duk ranar da ta wuce abin da za a maido maka in ka fasa raguwa yake. Hana biza ba uzuri ba ne a wurinsu. Mafita ita ce a kama ɗaki da kafin alƙalami irin wanda ake mayarwa, a shigar da neman biza da wuri, tun da ana karɓa tun saura wata shida, don amsa ta fito kafin ranar cika kuɗi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Fasfo ya kasance da sauran wata shida bayan dawowa. Sannan a sauka a garin da jirgi zai tashi kwana ɗaya, ko ma biyu, kafin ranar. Wanda zai taso daga Kano ya canza jirgin sama a Alƙahira ko Adis Ababa, in ya ce zai sauka da safe ya shiga jirgin ruwa da rana, ya ɗora kuɗinsa duka a kan sa'a. In aka haɗa tikitin jirgin sama na mutum shida, da biza, da otal na daren farko, kuɗin jirgin ruwan kansa bai kai rabin abin da muka kashe ba. Shi ya sa duk wanda ya ce mini hutun nan araha ne, nakan tambaye shi launin fasfonsa.

Batun addini da abinci ya zo da sauƙi fiye da yadda muka ji tsoro, amma sai da shiri. Wasu kamfanoni na tanadar naman halal in an sanar da su makonni kafin tafiya, ba ranar da aka shiga ba. Mu mun fi dogara da kifi, ƙwai, taliya, shinkafa da ganye, da kwalbar yajin da Yaya ta ɓoye a jaka, wadda ta ceci rayuka. A riƙa tambaya, don ana sa giya a wasu miya da kayan zaƙi. Kilishi da dambun nama kuwa a bar su a gida, dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama daga waje. Haka dutsen guga, butar lantarki da duk abin da ke kama wuta, a bakin shiga ake karɓe su. Kaskon turaren wutar Umma a nan ya kwana bakwai, sai da muka sauka aka ba ta abinta, ba ta kuma yafe ba. Mai shadda ya tafi da ita a goge, ko ya biya a goge masa. Alƙibla ita ce abin lura, domin jirgi na juyawa, inda ka fuskanta da la'asar ba lalle ya zama nan ne da magariba ba. Talabijin ɗin ɗaki na nuna inda jirgi yake da inda ya dosa, da shi da kamfas muke gyara tsayuwa, kuma malamai sun daɗe da yin bayanin sallar cikin jirgi da ta matafiyi. Wani ma'aikaci ɗan Indonesiya da ke gyara mana ɗaki, da ya ga darduma, sai ya yi mana sallama, daga ranar kullum yakan gaya mana ta ina gabas take.

Akwai wata matsala da ba Baturen da zai hango ta. An ba mu tebur ɗaya na dindindin a babban ɗakin cin abinci, wato Alhaji zai zauna gaba da gaba da surukarsa yana tauna har dare bakwai. Daren farko ya juya cokali a miya ya ce ya ƙoshi. Daga nan kullum sai ya ɓace zuwa hawa na sama ya ci shi kaɗai cikin hayaniya. Ina zargin rabin ƙiyayyarsa ga jirgin daga nan ta samo asali. Da mun sani, da mun nemi tebur biyu tun farko, ba a kuma biyan komai a kai. Wurin ninƙaya ma mun koyi kauce masa da rana saboda shigar mutane, muka gano hawa na ƙasa mai zagaye jirgi, inda ba kowa sai iska da tsofaffi masu karatu.

Masu tsoron teku suna da abin nunawa. A ranar 13 ga Janairun 2012 jirgin Costa Concordia ya daki dutse kusa da tsibirin Giglio na Italiya, mutum 32 suka mutu, aka ɗaure kyaftin ɗin shekara 16. Bayan wannan ne aka tsaurara dokar nuna wa fasinja wurin taruwa da yadda ake sa rigar ceto tun a farkon tafiya. A Fabrairun 2020 kuma aka killace Diamond Princess a Yokohama da mutum kusan 3,700, fiye da 700 suka kamu da korona. Irin waɗannan ba kullum ba ne. Abin da ya fi yawa shi ne cutar amai da gudawa mai saurin yaɗuwa a cunkoso, wadda maganinta wanke hannu da sabulu, da kuma jiri. Mai saurin tashin zuciya ya nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, a hawa na ƙasa-ƙasa, inda lilo ya fi sauƙi. Akwai likita a ciki amma da kuɗi, masu yawa, don haka a duba inshorar ta ƙunshi tafiyar teku. Galibin kamfanoni ba sa ɗaukar mai cikin da zai kai mako 24, ko jaririn da bai cika wata shida ba. A tambaya kafin a biya.

Wani abu da ya tsaya mini a rai ni kaina shi ne mutanen da ke hidimar. Yawancinsu 'yan Filifin, Indonesiya da Indiya ne, suna yin wata shida zuwa tara a ruwa, aiki kullum ba ranar hutu, jiragen kuma an yi musu rajista a ƙasashe irin su Bahamas, Panama da Malta. Hutun Yaya a kan kafaɗarsu yake. Da Alhaji ya ce zai je a cire masa tukuicin nan, ita ta hana shi, na kuma ga daidai ta yi. Garuruwan da ake kai wa ziyara su ma sun fara gajiya. Tun Agustan 2021 Italiya ta hana manyan jirage ratsa tsakiyar Venice, Girka kuma ta sa harajin euro 20 a kan duk fasinjan da zai sauka Santorini ko Mykonos a lokacin cunkoso. A Barsalona mun ga rubutu a bango da ba sai an fassara mana ba.

Ni dai ga inda na tsaya. In tafiyar ta iyali ce, da tsoho da yaro, kuma matar gida ce ta fi kowa buƙatar hutu, jirgi ya ci kuɗinsa. In kai kaɗai ne ko ku biyu, ƙafarku lafiya, kuna son sanin gari, ku kama otal a birni ɗaya ku yi mako. Wanda bai taɓa shiga ba kada ya fara da doguwar tafiya, ya gwada ta dare uku ko huɗu ya ji yadda cikinsa zai karɓa. Ba kuma dole sai Turai ba. Daga Nuwamba zuwa Maris jirage na zaga Dubai, Abu Dabi, Doha da Maskat. A daidai wannan lokaci MSC na tashi daga Durban zuwa gaɓar Mozambik. Saudiyya ma ta fito da nata, Aroya, wanda ya fara tashi daga Jidda a Disamban 2024, ba giya ba caca, abinci halal, da wurin salla, abin da ya rushe rabin ƙorafin Alhaji tun kafin ya buɗe baki. Sai dai a sa ido kan labarai, domin hare-haren 'yan Houthi tun ƙarshen 2023 sun sa kamfanoni da dama sun janye daga Bahar Maliya, kuma kamfani na da ikon sauya tasha ko soke ta ba tare da ya nemi yardarka ba. Ɗaki mai baranda, in aljihu zai ɗauka, a gare mu ya wuce ƙawa: nan mace za ta sha iska ba mayafi, nan tsohuwa za ta ja carbinta ba kiɗa.

Da Sallar da ta wuce aka sake tayar da maganar bayan an ci tuwo. Alhaji ya ce shi da teku har abada, amma ya ji ana yin wani a kogin Nilu, daga Luksor zuwa Aswan, dare uku ko huɗu, ƙaramin jirgi, tudu na gani dama da hagu, in ya gaji ya san ƙasa na kusa. Yaya ta ce, "Alhaji, ai shi ma jirgi ne." Ya ce kogi daban teku daban. Umma daga ɗaki ta ɗaga murya ta ce in za a je a fara tambayo mata ko suna barin turaren wuta.